Gimbiya Mai Addu'a da Barde Mai Kunya: Abin da Ke Cikin Littattafan Soyayyar Kirista Masu Aron Tatsuniya

A shekarar 1812, lokacin da 'yan uwan nan biyu na ƙasar Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara buga kundin tatsuniyoyinsu, akwai wani wuri a labarin Rapunzel da ba a karanta wa yara yanzu. Yarinyar da aka kulle a hasumiya, wadda ɗan sarki ke kama gashinta ya hau wurinta a ɓoye, ita ce ta tona wa kanta asiri. Ta tambayi matar da ke tsare da ita abin da ya sa tufafinta suka soma matse ta. Kowace uwa ta san amsar wannan tambaya. Da aka zo bugu na biyu a 1819, Wilhelm ya goge wurin, ya sa yarinyar ta yi suɓutar baki ta wata hanya: ta ce matar ta fi ɗan sarki nauyin ja. A wannan bugun ne kuma muguwar sarauniyar da ke neman ran Snow White, wadda da farko ita ce ta haife ta, ta koma kishiyar uwa. Kafin a kai bugu na bakwai a 1857 an sha yi wa labaran aski, ana ƙara musu ambaton Allah da ladabi, har suka dace da zauren gidan Bajamushe mai zuwa coci.

Aikin da Wilhelm ya soma bai tsaya ba, ƙaura kawai ya yi zuwa Amurka. A can akwai wani reshe na adabin kasuwa da ake rubuta wa 'yan mata Kirista masu tasowa, ko da yake iyayensu mata ma ba a bar su a baya ba wajen karantawa. Girkin kusan iri ɗaya ne. A ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani, Sindarela ko Kyakkyawa da Dodo ko Rapunzel ɗin, a kai ta Turai ta ƙarnukan tsakiya, zamanin barade masu sulke da gidajen sarauta na dutse kafin shekarar 1500, a tsame sihiri, a zuba addu'a, a rufe da aure. Wadda ta fi yin fice a wannan fanni ita ce Melanie Dickerson. Littafinta na farko, The Healer's Apprentice, ya fito a 2010 daga kamfanin Zondervan. Ta ƙago wani gari a Jamus ta sa masa suna Hagenheim, ta bi 'ya'yan basaraken garin tana aurar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa da tatsuniyar da aka ɗinka masa.

Kasuwar da ta haifi wannan reshe ta girme shi nesa ba kusa ba. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta bar littattafai sama da 100 na soyayya mai wa'azi. Amma littafin Janette Oke 'yar Kanada, Love Comes Softly, wanda Bethany House ya buga a 1979, shi ya nuna wa kamfanonin ɗab'i na Kiristocin Ibanjelika cewa akwai kuɗi a nan. Har Harlequin, babban dillalin littattafan soyayya na duniya, sai da ya buɗe layinsa na addini mai suna Love Inspired a 1997. Zondervan da ke Grand Rapids da Thomas Nelson da ke Nashville, waɗanda suka buga yawancin littattafan Dickerson, yanzu duk suna ƙarƙashin HarperCollins: ya sayi na farko a 1988, na biyu a 2012. Ƙa'idodin kasuwar sanannu ne ga duk marubucin da ke son a ajiye littafinsa a kantin Kirista. Ba ashar, ba a bin ma'aurata ɗakin kwana, kuma kafin shafin ƙarshe saurayi da budurwa duk sun zama masu bi.

Uwar da za ta saya wa 'yarta irin wannan littafi tana da tambayoyinta, kuma masu sharhi a can sun saba amsa mata su ɗaya bayan ɗaya. Sumba nawa ce, kuma a wane yanayi? An sha giya? An zubar da jini? Akwai tsafi? In amsoshin sun yi daɗi sai a buga wa littafin hatimi da kalmar da ke nufin "mai tsabta". Wanda ya bi muhawarar da aka sha yi a Kano kan littattafan soyayya tun shekarun 1990 ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin tsoron iri ɗaya ne: kada takarda ta koya wa yarinya abin da gida bai koya mata ba. Ban raina wannan ma'auni ba. Uwa na da haƙƙin sanin abin da 'yarta ke kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Sai dai ma'auni ne da ke ƙirga abin da babu. Wadda ta ce miki miyarta ba barkono, ba ta gaya miki abin da ta zuba a tukunyar ba. Duk abin da aka cire daga tatsuniya yana barin rami, kuma dole marubuci ya cike ramin da wani abu. Abin da aka cike shi da shi ne ainihin abin da yarinyar ke haɗiya.

Babban ramin shi ne na sihiri. Tatsuniya ba ta tafiya sai da shi. Wa zai kai Sindarela gidan rawa in babu aljanar da ta mai da kabewa keken doki? Wa zai mai da ɗan sarki dodo, ya kuma dawo da shi mutum? Masu sayen waɗannan littattafai kuwa mutane ne da ke ɗaukar gargaɗin Littafi Mai Tsarki a Maimaitawar Shari'a sura 18 kan masu duba da masu tsafi da gaske, kuma da yawansu suna cikin waɗanda suka nemi a kwashe littattafan Harry Potter daga ɗakunan karatu na makarantu a wajejen 2000. Don haka marubuciya sai ta nemo wa kowane abin al'ajabi dalili na duniya. A The Merchant's Daughter na 2011, wanda aka gina kan Kyakkyawa da Dodo a Ingila ta 1352, dodon mutum ne kamar kowa, ubangidan ƙauye mai tabo a fuska da zafin rai. A The Orphan's Wish na 2018, Aladdin maraya ne da ke neman arziki ta hanyar kasuwanci, babu aljanin fitila. Wannan dabara tana da daɗinta. Mai karatu na jin daɗin gano inda aka ɓoye takalmin gilashi ko tuffa mai guba a cikin labarin da ba a yarda da tsafi ba, kamar mai warware kacici-kacici.

A nan kuma gizo ke saƙar. Aikin aljana a tatsuniya shi ne ta zo a daidai lokacin da hanya ta toshe ta buɗe ta. An kori aljanar, amma aikinta na nan yana jiran mai yi, kuma a yawancin waɗannan littattafai Allah ake ɗora wa shi. Yarinya ta shiga uku, ta yi addu'a ta jimla biyu, kafin a juya shafi sai ga ƙarar kofaton doki. Ta yi haƙuri da kishiyar uwa, ta tsare mutuncinta, ta miƙa lamarinta ga Ubangiji, sai ladan ya zo a siffar ɗan basarake dogo mai faɗin kafaɗa. Babu marubuciyar da za ta fito ta ce ibada ciniki ce, a biya da biyayya a karɓi miji. Da yawansu ma sukan sa jarumarsu ta furta akasin haka, ta ce ta yarda da nufin Allah ko da ba ta samu wanda take so ba. Amma labari na koyarwa ta inda ya ƙare fiye da ta bakin 'yan wasansa. In yarinya ta karanta littafi goma, a duk goman wadda ta ce "ko ban same shi ba na yarda" ta same shi, to ta koyi cewa wannan furuci mabuɗi ne. Ita aljanar tatsuniya, ba wanda ya taɓa sa ran ganinta a rayuwa. Yaro na jin "ga ta nan ga ta nanku" ya san an shiga duniyar gizo da ƙoƙi, yana jin "ƙurunƙus" ya san an fito. Da aka sa sunan Allah a gurbin aljana, sai ƙofar fita ta ɓace, alkawarin tatsuniya ya koma kama da alkawarin addini.

Wannan ba ƙorafin 'yan waje ba ne kaɗai. Littattafan sun taso ne a cikin al'ummar da ta rungumi kamfen ɗin True Love Waits na kame kai har zuwa aure, wanda cocin Southern Baptist na ƙasar Amurka ya ƙaddamar a 1993, da littafin Joshua Harris na 1997 da ya hana samari da 'yan mata zance irin na zamani. Saƙon da matasa da yawa suka ɗauka daga wannan zamani shi ne, ka kame kanka, Allah zai biya ka da aure mai daɗi. Waɗanda suka kame kansu auren bai zo ba, ko ya zo da ɗaci, su suka fi kowa kuka daga baya, har shi Harris ɗin ya nemi a daina buga littafin nasa a 2018.

Wani abin lura, ba duk sihirin ake kora ba. Na alheri ake kora, na sharri a bar shi da sabon suna. A littafin Dickerson na farko, wanda ke bin sawun Kyakkyawa Mai Barci, mugun da ke cikin labarin matsafi ne mai hulɗa da aljanu, kuma da sunan Yesu ake karya ƙarfinsa. Mai kallon fina-finan kudancin Najeriya ya san wannan fage sarai, inda fasto ke shigowa a ƙarshe ya tarwatsa aikin boka. Uwar da ta sayi littafi don an ce mata ba tsafi, gara ta san cewa aljanu na iya fitowa, kuma a nan ba a matsayin wasa ake kawo su ba.

Ya kamata a tuna cewa kore sihiri zaɓi ne na wata kasuwa, ba hukuncin addinin Kirista gaba ɗaya ba. Marubucin nan na Ingila J.R.R. Tolkien, ɗan Katolika mai riƙo, ya yi lacca a jami'ar St Andrews a 1939 inda ya kare tatsuniya da abin al'ajabinta, yana ganin juyin farin cikin da ke zuwa ba zato a ƙarshenta wani haske ne na bishara. Abokinsa C.S. Lewis ya cika littattafansa na yara da mayu da dabbobi masu magana. Su a ganinsu abin al'ajabi na buɗe zuciyar yaro ga abin da ido ba ya gani.

Rami na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin sai wanda ya san tarihi ke ganinsa. Tatsuniyoyin nan, a siffar da aka san su, ba 'ya'yan ƙarnukan tsakiya ba ne. Charles Perrault ya buga Sindarelarsa mai takalmin gilashi a Faransa a 1697. Kyakkyawa da Dodo ta fito a 1740 daga alƙalamin Madam Villeneuve, aka taƙaita ta a 1756. Aladdin kuwa daga bakin wani matashi ɗan Halab mai suna Hanna Diyab ya fito, wanda ya ba wa Antoine Galland, Bafaranshen da ya fassara Dare Dubu da Ɗaya, labarin a Faris a 1709. Fina-finan Disney, musamman na Kyakkyawa Mai Barci na 1959, su suka dasa wa duniya hoton hasumiya da tuta da barde a kan farin doki. Aron tatsuniya a sauya mata riga ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya yi haka a Magana Jari Ce da wasu labaran Grimm da na Dare Dubu da Ɗaya, ya sa musu rawani suka zauna daram. Tambayar ita ce ko rigar ta dace da jikin.

Kiristocin Turai ta yamma a 1350 'yan Katolika ne daga sama har ƙasa. Martin Luther, wanda ya soma tafiyar Furotesta, bai ɗaga murya ba sai 1517. Yarinyar ƙauye a Jamus ko Ingila ta wancan lokaci tana jin ibadar Mas da Latin, harshen da ba ta iya ba. Tun babban taron shugabannin coci na Lateran a 1215 wajibi ne a kanta ta je gaban limamin coci ta furta zunubanta aƙalla sau ɗaya a shekara. Tana roƙon Maryamu da waliyyai su yi mata ceto, tana azumin kwana 40 kafin Ista, ba ta cin nama ranar Juma'a, tana ba da sadaka don a rage wa mamatanta azabar tsarkakewa, in ta samu hali ta tafi ziyara Canterbury ko Cologne. Kwanakin shekararta ma da sunayen waliyyai take ƙirga su. Yanzu buɗe ɗaya daga cikin littattafan nan ka saurari jarumar. Tana magana da Allah kai tsaye cikin zuciyarta da kalmomin yau da kullum, tana kawo aya daga ka, tana ƙishirwar karanta Littafi Mai Tsarki da idonta, Maryamu da waliyyai kuwa da ƙyar a ji ɗuriyarsu. Wannan yarinyar cocin Baptis ce ta jihar Alabama, an ɗaura mata zanen ƙarni na 14.

A The Merchant's Daughter burin jarumar ke nan, ta karanta Littafi Mai Tsarki, limamin ƙauyensu ya watsa mata ƙasa a ido, sai a gidan ubangidan mai tabo ta sami littafin. Fagen na da taɓa zuciya, kuma ba a ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Shekara 30 bayan lokacin labarin, mabiyan John Wycliffe, malamin addini ɗan Ingila, sun fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi, kuma a 1409 Akbishop Arundel ya hana fassara ba da izini ba. An ƙone Jan Hus, mai wa'azin da ya bi koyarwar Wycliffe, a Constance a 1415. Ƙishirwar ta wanzu, hanin ma ya wanzu. Amma babban shingen da ke tsakanin talaka da littafi a 1352 kuɗi ne da rashin karatu. Da hannu ake kwafe kowane shafi a kan fata. Ko da Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i wajen 1455, kwafi ɗaya na fata na cin fatar maruƙa kimanin 170. A Jamus kuma an buga Littafi Mai Tsarki da Jamusanci tun 1466, shekaru da dama kafin fassarar Luther ta 1522. Labarin "limamai sun ɓoye littafi, jaruma ta gano shi" labari ne da Furotesta ke ba wa kansu game da asalinsu, kuma yarinyar da ta karanta shi a littafin soyayya za ta ɗauka tarihi ta karanta. Iyaye 'yan Katolika suna da dalilin yin tsaki a nan, ko da babu sumba ko ɗaya a littafin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dukiyar da aka tsallake. Matan wancan zamani na da irin ibadarsu mai zurfi. Julian ta Norwich ta yi rashin lafiyar da ta kai ta bakin kabari a 1373, ta tashi ta rubuta abin da ta gani, littafin da har yau ake karantawa. A garuruwan Beljiyam da Holan da gaɓar kogin Rhine akwai matan da ake kira Beguine, waɗanda ke zama tare suna saƙa suna jinyar marasa lafiya, ba aure kuma ba alwashin zuhudu na har abada. Labaran da yarinyar 1350 ta fi ji a coci kuwa na waliyyai mata ne irin su Margaret ta Antakiya, wadda mai mulki ya nemi aurenta ta ƙi, aka azabtar da ita, aka sare mata kai. Kundin Legenda Aurea na ƙarni na 13 cike yake da irinsu. Wato a tatsuniyar Kirista ta ainihin wancan zamani, kyakkyawan ƙarshe shi ne budurwa ta ƙi ɗan sarki. Littattafan yau sun kifar da wannan: jarumar kan fara da sha'awar shiga gidan zuhudu, labarin kuma ya lallashe ta har ta gane aure ne rabonta.

Akwai kuma waɗanda ba a gani sam. Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, kuma a garuruwan Jamus da dama an ɗora wa Yahudawa laifin, aka ce sun zuba guba a rijiyoyi. A Strasbourg an ƙone ɗaruruwansu a watan Fabrairun 1349. Garin Jamus na ƙage da aka kafa shekaru kusan 40 bayan wannan, mai basarake adali da talakawa masu fara'a, ya yi shiru kan abu mai nauyi. Ba na cewa littafin 'yan mata ya zama kundin kisan kiyashi. Amma idan an zaɓi a rubuta shekara da sunan ƙasa a shafin farko, an ɗauki alkawarin da tatsuniya mai "wani gari a wani zamani" ba ta ɗauka ba. A nan dole a yaba wa Dickerson kan The Warrior Maiden na 2019, inda ta kai labarin Mulan, yarinyar ƙasar Sin da ta sa kayan maza ta tafi yaƙi, ƙasar Lituweniya ta sa miyagun su zama baraden ƙungiyar Teuton, mayaƙan da ke ɗauke da gicciye a ƙirji. Ba kowace marubuciyar wannan kasuwa ce za ta yarda ta nuna mai gicciye a matsayin azzalumi ba.

Sai batun jiki, wanda ma'aunin tsabta ke ganin ya gama da shi. Gaskiya ne ba a wuce sumba. Amma shafuka da yawa na tafiya ne a kan bugun zuciya, da ɗumin hannu, da ƙamshin rigarsa, da kallon leɓe. Sha'awa na nan, an dai ɗaure ta da talala, kuma jan igiyar shi ne abin da ke sa a juya shafi. Ni ban ga aibu a nan ba, domin yarinya mai shekara 15 ta san zuciya na bugawa ko ba a gaya mata ba. Inda na fi tsayawa shi ne ɗaya ɓangaren. Da yake jarumi ba ya taɓa ta, sai a nemo wanda zai yi yunƙurin taɓa ta da ƙarfi: wakilin ubangida, ko tsohon attajiri mai neman aure, ko ɗan fashi a daji. Yunƙurin fyaɗe da sace mace da kulle ta abubuwa ne da ke yawan dawowa a wannan fanni, domin su ke ba barde damar ceto. Littafin da aka buga wa hatimin tsabta na iya ɗauke da fagen da zai hana yarinyar da aka taɓa cin zarafinta barci. Sannan akwai darasin da ke ƙarƙashi, cewa mugun namiji ana gane shi daga warin baki da ƙazamin kallo, nagari kuma daga kyan fuska da ladabi. A Kyakkyawa da Dodo matsalar ta juya: mai tsawa da fushi shi ne wanda haƙurin mace zai gyara. Mata da yawa sun zauna a gidan da bai kamata su zauna ba saboda wannan fata.

Duk da haka ba zan ce a kwashe littattafan a zubar ba. Lynn Neal, wadda ta zauna da mata masu karanta soyayyar Kirista ta fitar da bincikenta a 2006, ta nuna cewa matan ba wawaye ba ne. Sun san ƙage suke karantawa, suna neman hutu ne da ƙarfafa zuciya a wurin da ba za a ci mutuncin imaninsu ba. Jaruman Dickerson kuma ba 'yan zaman jiran tsammani ba ne irin na tsofaffin fina-finai. Suna koyon aikin magani, suna neman ilmi, suna cewa a'a. Namijin da ake nuna wa yarinya a matsayin abin so mutum ne mai kame kansa, mai neman gafara in ya yi kuskure, mai tambayar ra'ayinta. A kasuwar da ke cike da littattafan da ke sayar da mugunta a matsayin soyayya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin mamaki ma, inda masu suka suka fi zargin littattafan da ƙarya, wato yarinya ta ƙi zaɓin iyaye ta auri wanda take so, nan ne suka fi kusa da gaskiya. Tun ƙarni na 12, zamanin Fafaroma Alexander na Uku, dokar coci ta tsaya a kan cewa yardar mutum biyu ita ke ƙulla aure. In namiji da mace suka ce wa juna sun ɗauki juna miji da mata, da lafazin yanzu, aure ya ɗauru ko babu limami ko babu shaida. Sai a taron Trent a 1563 aka wajabta limami da shaidu. Iyaye na da hanyoyin matsa lamba, da duka da kulle da hana gado, amma doka na hannun yarinyar in ta iya jurewa.

Inda littattafan ke zamewa shi ne farashin. Tatsuniya na son talaka ta auri ɗan sarki, marubuciyar kuma ta san a Jamus ta ƙarni na 14 magajin basarake ba ya auren 'yar mai saran itace. Mafitar da aka fi bi ita ce a gano a ƙarshe cewa yarinyar dama jinin sarauta ce aka ɓoye, kamar yadda ya faru a littafin Dickerson na farko. An shafe shafi 300 ana cewa Allah ba ya duba asali, sannan a shafin ƙarshe a fito da takardar asali. Kowa ya samu abin da yake so, ba wanda ya yi asarar komai.

Wasiƙun gidan Paston na Norfolk a Ingila sun adana yadda abin yake in ya faru da gaske. A 1469 aka gano cewa Margery Paston, 'yar masu ƙasa, ta yi alkawarin aure a ɓoye da Richard Calle, mai kula da dukiyar gidansu, wanda danginsa 'yan kanti ne. Yayanta ya rubuta cewa ba zai taɓa yarda ƙanwarsa ta koma sayar da kyandir da mustad a garin Framlingham ba. Aka raba su, aka tsare ta, aka kai maganar gaban Bishop na Norwich. Bishop ya yi mata nasiha kan abin kunyar da za ta jawo wa danginta, sannan ya tambaye ta kalmomin da ta furta. Ta maimaita su, ta ƙara da cewa in waɗannan ba su isa ba, za ta furta waɗanda suka isa kafin ta bar wurin. Aka tambayi Calle shi kaɗai, maganarsa ta zo daidai da tata. Uwarta Margaret ta aika a gaya mata kada ta sake taka ƙofar gidan, sai Bishop ne ya nema mata wurin kwana. Hukunci ya fito cewa auren ya ɗauru. Calle ya ci gaba da riƙe wa gidan Paston lissafi, domin ba su da wanda ya fi shi iya aikin, amma ba su taɓa ɗaukarsa suruki ba, kuma ba wanda ya zo daga baya da labarin cewa ɗan sarki ne aka ɓoye.